Gwiwar Kawu da Kwana 14

Kawuna ya zamo daga tsani a wurin aiki, gwiwarsa ta gurɗe. Da yake babu jini, sai ya koma gida Sule Tankarkar wurin mai ɗori, bai sanar da kowa ba. Bayan wata huɗu ya nemi diyya, aka ce ciwon tsufa ne.

Daga baya na karanta Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010: a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, idan an hana diyya, a ɗaukaka ƙara a rubuce cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Na ce, "Kawu, shirun da kuka yi shi ne hujjarsu." Yanzu rahoton likita muke nema a Gumel, kafin wa'adin ya cika.