Ƙirjin jaririnki na magana, ki koyi ƙirgawa

Uwargida, jaririnki bai iya cewa "nan ke mini ciwo" ba, amma jikinsa ba ya yin shiru. Akwai jijiyoyin da Allah Ya sa suke aiki ba tare da an umarce su ba, su ke kula da bugun zuciya, zufa, ɗumin jiki da narkar da nono a ciki. Kashi biyu ne: ɗaya na zaburar da jiki idan an firgita, ɗayan na kwantar da shi. Babbar jijiyar kashi na biyu sunanta bagus, ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta gangaro zuciya da huhu da hanji.

Yadda ake auna aikinsu ne ya fi burge ni. Ana liƙa wa jariri 'yan faifai a ƙirji, na'ura ta riƙa lissafa tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Zuciyar sabon haihuwa kan buga sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya, ta babba kuwa 60 zuwa 100, don haka kada saurin ya tsorata ki. Kuma mai lafiya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogon bango. Idan yaro ya ja numfashi takan ɗan ƙara sauri, idan ya sauke ta ɗan lafa. Wannan ɗan bambanci shi ne shaidar jijiyar mai kwantarwa tana aiki. A ɗakin bakwaini, idan bambancin ya ragu, yana iya nuna cuta ta shiga jini tun kafin ido ya ga wata alama.

Jikin uwa ma na taimaka wa jijiyoyin nan. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, kwalaben sa bakwaini suka yi ƙaranci, sai likitoci suka koma ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata. An ga hakan na daidaita ɗumin jiki da numfashi da bugun zuciya.

To, na'urar ba a kowane asibiti take ba, balle a gida. Amma numfashi ana ƙirga shi da ido, agogo kuma yana cikin wayarki. Ni dai duk gidan da na je barka, ba na tashi sai na nuna wa mai jego wannan, ko da kaka na harara ta. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cur, domin numfashin jarirai yakan yi sauri, ya ɗan tsaya, ya dawo.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: ɗan ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa 11, sau 50, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan adadin ya kai haka, musamman da tari, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki lokacin da ya ja iska, ana zargin limoniya. Wannan ba na kemis ba ne, ba kuma na "bari mu ga safiya" ba.

Kai ma maigida, ka riƙe wayar ita ta ƙirga. Ku rubuta adadin da lokacin a takarda, ku miƙa wa likita idan kun isa.