Hoton Baba Ango

A cikin duk hotunan da na taɓa ɗauka, wanda ya fi yawo a duniya babu sunana a jikinsa. Da farko abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bayan mako uku sai na koma ina gode wa Allah da babu.

Ni ba mai hoto ba ne, malamin firamare ne a Bagudo. Sha'awar hoto dai ta kama ni tun ina yaro, lokacin da masu hoto ke zuwa garinmu da Sallah, kyamara rataye a wuya. A jera mu gaban zaure, a ce kada kowa ya motsa, sannan a jira mako biyu kafin a wanko, wani lokaci a kawo ka tarar rabin kanka ya fita. Ban taɓa riƙe kyamara ba sai a 2016, da na haɗa kuɗin adashi na sayi wata Tecno. Tun daga ranar matata ta ce ta samu kishiya.

Wanda ba shi da kayan aiki, dabara ce jarinsa. Na ɗauki hoto ta cikin rariyar tankaɗe don in ga yadda haske zai tarwatse. Na ɗora gilashin tabarau a kan idon waya don sama ta yi duhu, gajimare ya fito. Na sa ɗana ya riƙe tiren shayi yana mayar da hasken rana kan fuskar kakarsa, har ta kore mu da muciya. Na ɗaure wayar a farar leda na kwantar da ita dab da ruwa, don kwale-kwale ya fito kamar gini. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje shirme suka haifar, amma sun koya mini abu ɗaya da na riƙe: hasken tsakar rana maƙiyin hoto ne, yana baƙanta ƙwarmin ido yana kashe launi. Hoto na hantsi ne da na bayan la'asar. Ranar da aka tashi da hazo kuwa, kamar an shimfiɗa wa rana mayafi ne, komai ya yi laushi.

Kuma Allah ya ba mu abin ɗauka. Kogin Neja, wanda mu nan muke ce wa Kwara, ta yankinmu yake shigowa Najeriya bayan ya baro Gaya da Malanbil. In ka haye gadar Tuga ka bi ta Ka'oje da Illo ka isa Lolo, ka zo bakin iyaka, gaba kaɗan Madekali ce, ƙasar Benin. Ranar kasuwa za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a rumfa ɗaya, a yi ciniki da naira a ba da canji da sefa. Iyakar tana kan takarda, amma mutane suna da surukai a can, suna da gonaki a nan. Duk hutun makaranta can nake tafiya da babur, in kwana wajen wani abokina.

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen birni sun karanta wannan a jarida, mu kuwa a tukunyarmu muka gan shi. Masu jirgin inji da yawa suka ajiye inji suka koma gora da filafili irin na kakanni. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har daɗi na ji, domin jirgi mai filafili ya fi kyau a hoto.

Wata Asabar a ƙarshen Nuwamba, gab da magariba, ina tsaye a bakin ruwa sai ga wani dattijo ya taso daga fadama da jirgi shaƙe da buhuna, yana tsaye a baya da gora. Rana na bayansa, ja wur cikin hazo. Na san shi sama-sama, bari in kira shi Baba Ango, Basarke ne da ke yi wa manoma jigila. Buhunan shanshera ce da aka yanko a tsallake, shinkafar gida, ko sussukar kirki ba ta gama sha ba. Na durƙusa, na danna yatsa a kan rana don wayar ta rage haske, sai dattijon da jirginsa da kayansa suka koma baƙi ƙirin, inuwa tsantsa a kan jan ruwa. Watanni na yi ina neman wannan salo bai ba ni ba. Ran nan ya ba ni. Ban gaishe shi ba, ban tambaye shi ba. Na hau babur ina murmushi ni kaɗai.

Da dare na ƙara masa duhu a Snapseed, na sa a Facebook, na rubuta "Magariba a Lolo". Kafin safiya mutanen da ban taɓa sani ba suna ta yabo. Wani daga Kaduna ya tambaye ni wace kyamara ce, da na ce waya ce ya ce ƙarya nake. Ban taɓa jin daɗin a ƙaryata ni ba sai ranar. Dama na ji labarin gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi tun 2014, kuma taken 2020 a kan sufuri ne da zirga-zirgar mutanen Afirka. Na ce to, ga hotona ya samu gida.

Ba a yi kwana huɗu ba wani ɗalibina na da ya turo mini hoton a WhatsApp. An yanke gefen da na rubuta sunana. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga yadda 'yan sumoga ke shigo da shinkafar waje ta Lolo da daddare. Daga wannan zaure zuwa wancan, daga wannan shafi zuwa wancan, har da masu fassara shi da Turanci. Kun san abin da ya fara damuna? Sunana da aka yanke. Kwana biyu ina bin shafuka ina rubuta "ni na ɗauka", ko sau ɗaya ban rubuta "ƙarya ne, shanshera ce" ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin mutumin kirki yake karantawa.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, ni da hannuna na share shaidar. Duk ɗan yankin nan ya san bambancin buhun 'yar waje da na shanshera. 'Yar waje, wadda ake saukewa a Kwatano daga Tailan ko Indiya, tana zuwa a ƙaramin buhu mai kilo 50, mai rubutu, ɗinkin inji. Shanshera kuwa babban buhu ne mai tumbi, an ɗinke bakinsa da basilla, ƙaiƙayi na leƙowa. Da na ɗauki hoton yadda ido ya gani, da yaro ma ya ƙaryata rubutun. Amma na mayar da komai inuwa saboda ya fi kyau, kuma inuwar buhu ba ta da ƙasa. Fuskar Baba Ango ba ta fito ba, gaskiya ne, sai dai tsayuwarsa da malfarsa da karyayyen hancin jirginsa sun fito, kuma a bakin ruwa waɗannan sun fi fuska.

Da aka yi hutun Disamba na koma Lolo. Abokina bai bari na sauke jaka ba ya ba ni labari. Wasu masu kaki sun tare jirgin dattijon, sun farke buhu shida suna neman abin da babu, shanshera ta zube a laka. Jirgin ya kwana uku a ɗaure. Ɗaya daga cikinsu ya nuna masa hoton a waya ya ce ba kai ne wannan ba? Manoma biyu sun janye kayansu daga hannunsa, ba don sun yarda da zancen ba, sai don ba mai son buhunsa ya hau jirgin da aka sa wa ido. Shi ya biya asarar buhunan.

Na kwana ina juyi. Babu wanda ya san ni na ɗauka, tunda an yanke sunan, kuma su can ba Facebook suke bi ba. Da na yi shiru, da shi ke nan. Ban san ko tsoron Allah ne ko kunyar abokina ba, da safe dai na tafi.

Na same shi yana toshe ɓarakar jirgi da tsumma da kwalta. Na gaishe shi, na durƙusa, na faɗa masa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Kai kaɗ ɗauki wanga hoto?"

"Ni ne, Baba."

"Mi na yi maka?"

Na ce babu komai, kyau ya yi mini. Ya ce in nuna masa. Ya riƙe wayar nesa da ido ya duba, ya duba, sannan ya ce, "Malam, ai ba ni ciki. Ka ɗauki rana, ka ɗauki ruwa, ni ka bar ni baƙi kamar aljani."

Na kawo kuɗin buhu shida a cikin albashin wata biyu. Ya karɓi na huɗu, ya ce biyun nasa rabon ne. Na rubuta gyara a shafina da bayanin komai, mutum goma sha wani abu suka gani. Gasar kuwa na shiga da wasu hotuna, na amalanke da na babura, ban ci komai ba. Wancan ban tura ba. Dokar gasar ita ce ka saki hoto kowa ya yi amfani da shi muddin ya ambaci sunanka, ni kuwa na riga na ga abin da kowa ke iya yi.

A cikin watannin nan ne na yi karatu a kan Seydou Keïta na Bamako, birnin da wannan kogi namu ke ratsawa tun kafin ya iso mu. Kafinta ne shi ma kafin hoto ya ɗauke shi, ya buɗe shagonsa a 1948. Abin da ya tsaya mini a rai ba shahararsa a Faransa da Amurka ba ce, wadda ta zo masa da tsufa. Mutanen cikin hotunansa su suka zo da ƙafarsu. Su suka zaɓi tufafin, suka zaɓi a ɗauke su da rediyo ko agogo ko babur, suna kallon kyamara ido cikin ido. Na yi shekara uku ina koyon yadda zan ɗauki mutum bai sani ba, ina kiran hakan gwaninta. Har yanzu ina ganin hoton bazata yana da rai irin nasa, ba zan yi munafunci ba. Amma na daina yarda cewa kyan hoto yana ba ni izinin da mai fuskar bai ba ni ba.

Baba Ango ne ya aiko a kira ni bayan ƙaramar Sallah ta 2020. Ya ce tunda na iya, in ɗauke shi yadda ya kamata. Shi ya sa rana, Juma'a bayan an sauko. Na ce Baba, mu bari sai la'asar sakaliya, hasken zai fi. Ya ce a'a, da rana tsaka, yadda kowa zai gane shi. Ya sa farar babbar riga da hula, ya sa an wanke jirgin tas, babu ko buhu ɗaya. Ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, jikoki uku a gabansa, ba mai murmushi. Rana ta baƙanta ƙwarmin idanunsa, rigar ta yi fari har ɗinkin ya ɓace. Duk ƙa'idar da na koya wa kaina, hoton nan ya karya ta. Na kai Birnin Kebbi aka wanko babba, aka sa a firam.

Ambaliyar da ta zo a damunar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Kebbi, ta shiga unguwarsu. Da na je jaje na tarar sun koma tudu, wajen dangi, da 'yan tabarmi da tukwane. Hoton na jingine da bangon zana, ruwa ya ɗan taɓa gefe ɗaya. Matarsa ta ce shi ya fara ɗauka kafin buhun gero, har suka yi faɗa.

Yanzu in na sauka a Lolo, yara na rugawa suna cewa ga Malam mai hoto. Masu jirgi huɗu na ɗauka bayan shi, da mai banda, da wata mai tallar nono da ta ce sai ta koma gida ta sako 'yan kunnenta, na jira ta awa biyu. Kowa da tsakar rana yake so. Ba na karɓar kuɗi sai na wanki, amma ba na komawa Bagudo babu ƙullin kifi a bayan babur. Wancan hoton na magariba yana nan a wayata, kuma har bara na gan shi a wani shafi, wannan karon an ce a Tafkin Chadi ne.