Rumfar Motar Rangadi

A daminar 1958, muna rangadin jangali wajen Jibiya, iska ta yage tamfol ɗin da mu kan kafa rumfa da shi jikin mota, har littattafan kuɗi suka jiƙe. Da muka komo Katsina, maɗinki ya nemi fam biyu. Na ga tsada, na ce ni zan yi.

Na sayi sabon tamfol, na yanka ban auna ba, sai ya gaza da kamu guda. Direba ya ce, "Malam, ai sai an gwada a kan yanke."

Na sayo ƙari, na haɗa da basilla, na naɗe baki da igiya, na karkata rumfar domin ruwa ya zurare. Ta tsaya, amma fam uku na kashe daga albashina. Tun ran nan ban ƙara raina sana'ar kowa ba.