Ƙashin ƙirji daidai da mai shi

Babban mutum yakan numfasa sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowane numfashi sai haƙarƙari sun buɗe sun koma. Shi ya sa gyaran ƙirji ke ba likitoci wuya. In ciwon daji ya ci ƙashin aka yanke shi, faffaɗan ƙarfen da aka saba ɗaurawa da kusoshi yakan sassauta yau da gobe, don ƙirjin ba ya hutawa.

A 2015, a asibitin jami'ar Salamanka ta ƙasar Sipaniya, likitoci suka bi wata hanya da wani mutum mai shekara 54. Suka ɗauki hoton cikin ƙirjinsa da na'ura, suka aika wa kamfanin Anatomics da ke Melbon a Ostareliya. Can aka zana masa ƙashin tsakiyar ƙirji da guntayen haƙarƙari a kwamfuta, daidai da faɗinsa da lanƙwasarsa. Sannan a cibiyar bincike ta CSIRO, inji ya riƙa shimfiɗa garin ƙarfen titaniyom yana narkar da shi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ƙashin ya fito. Kwana 12 bayan aikin aka sallami mutumin.

Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awon. Bambancin ke nan tsakanin rigar gwanjo da wadda tela ya auna ka ya ɗinka. Kafin a taɓa wuƙa, an san inda za a yanka da tsawon abin da zai maye gurbin. Duk ƙarfin injin, in awon ya kauce, aikin ya lalace.

Amma a azuzuwanmu, darasin awo da siffofi shi ake turawa ƙarshen shekara, in lokaci ya ƙure a tsallake shi. Yara da dama sun haddace yadda ake lissafin kewayen da'ira, ba su taɓa auna bakin kwano da zare ba.

Malamai ƴan uwana, mu fito da yaran tsakar makaranta su auna ƙofa da bango da hannunsu. Iyaye kuma, ranar sayen littattafai ku haɗa da rula da kampas, in yaro ya dawo gida ku ba shi tabarma ya auna muku.