Inda Gona Take Zama Aji: Ziyararmu Sabon Birni da Isa

A cikin wasiƙun da kuke aiko mana, ƙorafi ɗaya yana yawan maimaituwa: wai gonar makaranta wurin horo ce, ba a tura ɗalibi can sai ya makara ko ya yi surutu a aji. Wannan ne ya sa muka shirya tafiya ƙasar Gobir, inda har yanzu akwai makarantun allo da yara sa'o'inku suke kwana tare, su yi karatu tare, su kuma noma abin da za su ci da hannunsu. Mun so mu gani da idonmu ko noma yana rage wa karatu wani abu, ko kuwa ƙara masa yake yi.

Mun bar Sakkwato da hantsi a tsakiyar watan Agusta, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Direbanmu ya ƙi tashi da asuba, ya kuma ce lallai la'asar ta same mu a cikin gari, domin hanyoyin gabashin Sakkwato ba a yi musu sammako ko dare a 'yan shekarun nan. Muka bi ta Achida, muka gota mararrabar Wurno, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, muka wuce Goronyo mai babbar madatsar ruwa a kan Gulbin Rima. Daga nan ƙasa ta fara zama jigawa mai rairayi, gonakin gero hagu da dama, har muka shiga Sabon Birni.

Wanda ya karanta tarihin jihadi ya san wannan yanki ko da bai taɓa taka shi ba. A ƙaramar hukumar Sabon Birni ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808 a zamanin Sarki Yunfa. Daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan wani ɓangare nasu ya dawo kudu ya gina Sabon Birni. Shi ya sa gida ɗaya za ka iske yana da dangi a Najeriya da Nijar, iyaka kuwa ba ta hana biki da zumunci ba.

Makarantar da muka sauka tana bakin gari: zaure ɗaya, ɗakunan ƙasa inda almajirai ke kwana, rumbuna biyu, da garken jajayen awaki irin na Sakkwato a ɗaure a turke. Yawancin yaran 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyar ne, wato sa'o'in 'yan ƙaramar sakandare. Muka durƙusa muka gai da mai makarantar, dattijo mai furfura, muka ce, “Allah gafarta Malam, mun zo ganin yadda kuke haɗa allo da kwashe.” Ya yi dariya ya ce in haka ne sai mu kwana, don ba a gane wannan aiki da yini ɗaya.

Da asuba, bayan salla, kowane yaro ya ɗauki allonsa. Aka yi ta biya karatu har gari ya waye sarai. Sai aka sha kunu, aka jingine alluna, aka saɓi kayan noma. Manyan almajirai, waɗanda ake kira gardawa, su ne a gaba, titibirai na biye, ƙananan kolaye kuwa aikinsu kai ruwa da yanko wa awaki ciyawa. Kafin rana ta take an dawo gida. Bayan azahar aka koma karatu, da dare kuma aka hura wuta a tsakar fili aka kewaye ta, kowa yana tilawa. Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, kamar yadda aka saba a makarantun allo. 'Yan matan unguwa suna zuwa karatu da rana su koma gidajensu, kuma da yawansu kowace tana da akuyarta da take kiwo.

A gona ne muka ga abin da ya ba mu mamaki. Wani yaro mai kimanin shekara goma sha uku ya tuge mana gindin wake ɗaya, ya kakkaɓe ƙasa, ya nuna mana wasu 'yan ƙulalai a jikin saiwar. Ya ce inda aka shuka wake bana, gero yana yin kyau baɗi, shi ya sa suke sa wake a tsakanin layukan gero. Bai san sunan abin da ke faruwa ba, amma ku kun san shi daga darasin kimiyya: a cikin ƙulalan nan akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin nitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Abin da kuke haddacewa don jarrabawa, shi a tafin hannunsa yake riƙe da shi.

Haka kuma bishiyar gawo da ke tsakiyar gonar. Yaran suka ce mu ɗaga kai, sai muka ga ba ta da ganye, ga shi kuwa damina ta yi nisa. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi ganye, dabbobi su fake a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi a wurin. Geron da ke gindin gawon ya fi na sauran gonar tsawo da duhun ganye. Malam ya hana a sare kowane ɗan itace da ya tsiro da kansa. Sai dai a rage masa rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Wannan dabara manoman jihar Maraɗi suna kiranta sassabin zamani. Ta fara bazuwa a can tun wajen 1983, da taimakon wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma ta dawo da itatuwa a miliyoyin hekta a Nijar ba tare da an dasa su ba.

Sun nuna mana abokin gabarsu ma, wato wuta-wuta, ciyawar nan mai fure ja-ja mai kyaun gani. Saiwarta tana maƙale wa saiwar gero ko dawa tana tsotse ruwa da abinci tun kafin ta fito waje. Dokar gonar ita ce a tuge ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gona, domin irinta yana iya shekaru a ƙasa yana jiran shuka.

Lissafi ma yana nan. Da sungumi ake saran shuka, taki ɗaya rami ɗaya, kusan mita guda tsakani. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan ramuka 10,000. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ba sai an watsa takin zamani ko'ina ba: a zuba giram 6 na NPK a kowane rami, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. Ku ɗauki biro ku lissafa: kilo 60 ke nan a hekta, buhu ɗaya mai kilo 50 da ɗan ƙari. Da kaka kuma wani lissafin ya zo. Amfanin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, zakkarsa ɗaya cikin goma ce. Wanda aka yi wa ban ruwa da wahala kuwa ɗaya cikin ashirin. Yaron da ya ƙirga dammunan gero ya ware na zakka da hannunsa ba zai manta da wannan babi na fiƙihu ba. Hatta kayan karatun daga dawa suke fitowa: alƙalami daga kara, tawada daga gawayi da ƙaro, allo daga itace.

Amma kada mu ɓoye muku abin da ke damun wannan makaranta. Gonar da muka gani ƙarama ce. Babbar gonar Malam tana da tafiya daga gari, kuma ya ce ya daina kai yara can, domin ba zai iya fuskantar iyayensu ba in wani abu ya same su. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa a Sabon Birni da Isa, dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, wasu garuruwan kuma sai sun biya harajin da aka ɗora musu kafin su shiga gona. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. In gona ta ragu, rumbu ba ya kai wa wata damina. In rumbu ya ƙare, abin da ya rage wa almajiri shi ne ƙoƙon bara ko tafiya birni. Yaran da muke gani a tashoshin mota a Sakkwato da Kano, wasunsu daga irin waɗannan makarantu suka fito bayan gonar da ke ciyar da su ta gagari shiga.

Akwai kuma gyaran da ya kamata a yi ko da an samu zaman lafiya. Ba kowane malami ne yake tsare lokacin karatu kamar wannan dattijo ba. Akwai inda yara ke yini a gona, allo yana jingine yana shan ƙura, wannan kuwa ya tashi daga tarbiyya ya koma ci da gumin yaro. Sannan a cikin yaran da muka zanta da su, kaɗan ne ke iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin feshi, ga shi kuwa wannan rubutu yana iya tsare rai. Makarantar tsangaya ta zamani da gwamnatin tarayya ta buɗe a Gagi, cikin Sakkwato, a 2012 an yi ta ne don a haɗa allo da boko. Da za a ƙara gona a cikin irin wannan tsari, da murhu ya samu duwatsunsa uku.

Kashegari muka gangara kudu zuwa Isa, mai iyaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. A nan fadama ce abin kallo. Gulbin Bunsuru da 'yan uwansa da ke haɗuwa su zama Rima suna barin ƙasa mai laka, inda ake shinkafa da damina, da rani kuma a yi albasa da tattasai da sauran kayan lambu. Muka leƙa wata makarantar sakandare a yankin. Wani malami ya zagaya da mu bayan ajujuwa ya nuna mana fili mai faɗi da ciyawa ta cinye, ya ce nan ce gonar makaranta a da. Ya tuna mana cewa a Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan kan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. Gona kuwa tana son mai kwana kusa da ita. A cikin aji muka tarar an zana hoton saiwar wake a allon bango, da ƙulalanta da sunayensu, ɗalibai suna kwafa. Muka tuna da yaron jiya. Shi yana da saiwar ba shi da sunan, su suna da sunan ba su da saiwar, tsakaninsu kuwa tafiyar da ba ta kai rabin yini ba.

Haɗa waɗannan biyu ba sabon tunani ba ne. A 1956 Tai Solarin ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne, cikin jihar Ogun ta yanzu, inda ɗalibai suke noma abincinsu, suna kuma sa hannu a ginin ɗakunansu. A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin akwai cibiyar Songhai, wadda Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, inda matasa ke zama suna koyon noma da kiwon kifi da na kaji a wuri ɗaya, sharar wannan ta zama abincin wancan. A jihar Ohayo ta Amurka kuwa, makarantar Hershey Montessori tana da gona a Huntsburg inda yara sa'o'inku ke kwana, su kula da dabbobi, su dafa abinci, su sayar da amfanin gona, darussan kimiyya da lissafi kuma suna fitowa daga wannan aiki. Iyaye a can kuɗi suke biya don 'ya'yansu su samu abin da almajiran Gobir suka gada tun kaka da kakanni.

Ba mu ce kowa ya kama hanyar Sabon Birni ba, don halin da hanya take ciki bai ba da wannan ba tukuna. Amma kusan kowace makaranta tana da ɗan fili a bayan aji. Ku haɗa kai ku biyar ko goma, ku je wurin malamin aikin gona ku roƙi a yanka muku taki goma tsawo, taki goma faɗi. Ku raba shi biyu: rabi gero zalla, rabi gero da wake. Ku samu littafi ɗaya ku riƙa rubuta ranar shuka, ranakun da aka yi ruwa, kuɗin da kuka kashe, da mudu nawa kowane rabi ya bayar. Baɗi ku shuka gero a duka biyun ku sake aunawa. Masu zama a cikin birni, buhun da aka cika da ƙasa da taki ya isa ya riƙe tumatir ko kuɓewa. Sannan ku roƙi shugaban makaranta alfarma ɗaya: a daina tura mai laifi gona, a bar ta ga masu so.

Da za mu bar Sabon Birni, Malam ya sa aka buɗe mana ɗaya daga cikin rumbunan. Geron bara ya yi ƙasa sosai, sai an sunkuya ake hango shi. Ya ce in Allah ya kai su ƙarshen Satumba lafiya, sabon gero zai shigo kafin wannan ya ƙare. Yaron nan mai saiwar wake ya raka mu har bakin mota, ya tambaye mu yadda ake rubuta sunan sinadarin da muka faɗa masa. Muka rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, ya ninke ta ya sa a aljihu. Idan kun gwada naku filin, ku rubuto mana abin da mudu ya nuna, za mu buga shi a wannan shafi.