Kishiyata Ta Roba

Duk wadda ta taɓa kwana ita kaɗai a ɗaki alhali mijinta yana cikin gidan, ba tafiya ya yi ba, ba kuma ɗakin wata ya shiga ba, to ita ce za ta fi gane abin da zan faɗa. Ni dai an yi mini kishiya babu lefe babu sadaki, ko kayan faɗar kishiya ban samu ba. A cikin kwali ta zo, ta yi shekaru a saman wadrob ɗinmu ina kakkaɓe mata ƙura da hannuna, ban san abin da nake raino ba.

Maigidana, Baban Walida, makanikin jirgin sama ne. Tun kafin aurenmu an taɓa tura shi kwas Ingila, to a can ne ya ga abin mamaki. Turawan da suke koya masa aiki, manyan mutane da furfurarsu, idan sun tashi daga gyaran jirgin gaske sai su koma gida su zauna haɗa jirgin roba. A wargaje ake sayar da shi cikin kwali, gutsi-gutsi, kowane yanki maƙale a jikin wasu sanduna na roba da lambarsa, ga kuma takarda mai zane tana nuna inda kowanne zai shiga. Kai za ka yanke, ka goge, ka liƙa, ka yi fenti. Idan ka gama kuma, kada ki ce tashi zai yi. Ba ya tashi, ba ya ƙara, ba a sa masa batir. Ajiyewa kawai ake yi a riƙa kallo.

Ashe abin tsohuwar sana'a ce a wurinsu. Kamfanin Airfix na Ingila tun a shekarun 1950 ya fitar da jirginsa na farko, akwai kuma Revell, akwai Tamiya na ƙasar Japan. Girma-girma ne da su. Wanda aka fi yi shi ne 1/72, wato an rage jirgin gaske sau 72, irin wannan ƙaramin jirgin yaƙi a tafin hannu ma sai ya zauna. Manyan su ne 1/32 da 1/24, kuma su ne masu cin rai, don a jikinsu har inji da wayoyi da kujerar matuƙi sai an haɗa ɗaya bayan ɗaya. Na maigidan 1/24 ne, sunan jirgin Hurricane. Na gasken faɗin fukafukansa mita 12 ne da ɗoriya, saboda haka na robar ya ɗan haura santimita 50, kamar babban tiren da muke jera wa baƙi abinci.

Duk wannan bayanin daga baya na sani. A lokacin ni dai kwali na sani.

A shekarar 2015 kamfanin da yake wa aiki ya rufe. Mutumin da asuba ta gari yake fita, ya dawo yana warin man jirgi yana ba ni labarin abin da ban gane ba, sai ga shi a gida safe da yamma. Ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe. Daga nan ya daina zuwa majalisa, wai ya gaji da tambayar "yaya, an dace?" Magana ta yi masa wuya, abinci sai ya tsakura ya ture. Ni ce na riƙe gidan da ɗan kuɗin lalle da nake yi wa amare da kuma adashi, ban kuma taɓa yi masa gori ba, Allah shi ne shaida. Amma zuciya ba ta da ƙashi.

Rannan da daddare sai na ga ya taka kujera ya sauko da kwalin nan, ya share ɗan siton da muke ajiye tarkace, ya sa tebur da fitila mai caji, ya ja ƙofa. Tun daga ranar na rasa miji. Da an yi sallar isha'i sai sito, ba zai fito ba sai ɗaya saura, wani lokacin har biyu. In na leƙa sai in tarar da shi ya duƙufa, tabarau a karan hanci, reza a hannu, yana kankare wani abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In na yi magana ya ce, "Maman Walida, don Allah ja mini ƙofar, ƙura." Lokacin hunturu ne, kuma wai ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ɗanyen fenti, ƙwaya ɗaya ta sauka sai an goge an sake. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne ni ce ƙurar.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuɗin fenti. Wasu 'yan mitsi-mitsin gwangwanaye ne kamar na man zafi, a nan ba a samun su, sai ya roƙi wani abokinsa mai zuwa waje ya taho masa da su. Ranar da na ji ya sayar da agogonsa ya tura kuɗin, alhali shinkafarmu ta kusa ƙarewa, ban yi barci ba. Na kai ƙara wurin Hajiya, mahaifiyarsa. Ta zo har gida ta leƙa siton, ta daɗe tana kallo, abin da kawai ta tambaya shi ne ɗan mutum-mutumin matuƙin da ta gani a kwali. Ya ce mata ba zai sa shi ba. Ta ce to madalla. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar shi. Ubansa ma haka yake da jirgi." Na ce to, amma a raina na ce uwa dai uwa ce.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ya tafi Kaduna ganawar neman aiki, zai kwana biyu. Na ce yau sai na ga wannan amarya da kyau. Na shiga da tsintsiya, wai shara zan yi, ni ma na san ƙarya nake yi wa kaina. Na yaye tsohon zanen da ya lulluɓe ta da shi.

Wallahi sai da na tsaya. Ni da nake zaton abin wasan yara ne. Cikin wurin zaman matuƙi ga agogunan jirgi reras, kowanne da ɗigon fari kamar an rubuta lamba, ga bel ɗin kujera da ya yanka da siririyar takarda, ga inji baƙi da azurfa-azurfa har da alamar tsiyayar mai da ya zana da gangan. Bayan jirgin launin ƙasa biyu ne, mai duhu da mai haske kamar rairayi, cikinsa kuma shuɗi. Na ɗauka da hannu biyu ina juyawa. Can Walida ta ƙwala mini kira daga tsakar gida, na zabura, gefen mayafina ya kamo farfelar. Ji kake ƙas! Reshe ɗaya na farfela ya karye, murfin gilashin da ke rufe matuƙi, wanda bai riga ya liƙa ba, ya faɗo ƙasa ya tsage gida biyu.

Da na bar shi haka na jira mai shi, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Sai na aiki yaro ya sayo mini sufa gulu a kanti. Farfelar ta kama, ko da yake a ɗan karkace. Gilashin kuwa ina liƙawa, kafin la'asar sai na ga ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ashe tururin wannan gam ɗin haka yake yi wa roba mai haske, shi ya sa masu abin ba sa kusantar gilashi da shi, farin gam irin na kafintoci suke sawa. Hankalina ya tashi na ruga wurin maƙwabciyata, ta ce ai abu mai sauƙi, ruwan goge jan farce yana cire sufa gulu. Gaskiya ta faɗa, yana cirewa. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne yana narkar da irin wannan robar. Na dangwala a auduga na goga, gilashin ya yi laushi ya lauye kamar alewa a rana. Garin rawar jiki kuma na kama ƙarƙashin fiffike da jiƙaƙƙen yatsana, fentin da robar suka narke, babban yatsana ya fito raɗau a jiki kamar na masu dangwala ƙuri'a.

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. Na shirya ƙarya ta kai biyar. In ce kyanwa ce, in ce Walida ce, in ce iska ce ta bugo taga. Ta Walida ce ta fi zama daidai, don yarinya ce 'yar shekara huɗu, ba abin da zai yi mata. Har na fara koya wa bakina, sai na dube ta tana barci na ji kunyar kaina. Kuma ko na yi, wane yaro ne yake da yatsa irin wannan?

Ya dawo Juma'a da yamma, tun daga sallamarsa na san ba a dace ba. Na bari ya ci abinci ya yi sallah, sannan na durƙusa na ce, "Baban Walida, na yi maka ɓarna." Na faɗa masa duka, har da abin da ya kai ni ɗakin. Ya tashi ya shiga siton, ni ina bakin ƙofa ina jiran tsawa. Shiru. Da na leƙa sai na ga ya zauna ya riƙe lauyayyen gilashin nan a tafinsa, idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da ranar da aka sallame shi daga aiki ma ban ga hawayensa ba.

Ya ce in shigo in zauna. A daren ne ya ba ni labarin da shekara shida da aure bai taɓa ba ni ba. Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1940, Turawan Ingila sun rasa hanyar kai jirage Masar ta Bahar Rum, sai suka riƙa loda su a wargaje cikin akwatuna a jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake haɗa su, su taso su biyo ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Hurricane na cikin waɗanda suka fi bin wannan hanya, launin rairayin nan kuma na yaƙin hamada ne. Mahaifinsa yana yaro a lokacin, yana cikin masu tallar gyaɗa a gefen filin jirgi, kuma har ya tsufa bai daina ba da labarin ƙarar jiragen nan ba. Shi ya sa shi karatun jirgi. Ya ce, "Na sayi kwalin nan ne in haɗa in kai wa Baba. Kullum ina cewa sai na samu lokaci, har ya rasu. Yanzu ga lokacin ya samu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kuma in ina ɗakin nan ne kaɗai nake jin har yanzu hannuna ya iya wani abu."

Ni dai kuka na yi ta yi. Ban fasa ganin sayar da agogon nan kuskure ba ne, na kuma faɗa masa daga baya, ya amsa. Amma wata uku ina kishi da abin da ko sau ɗaya ban tambaye shi mene ne ba.

Gyaran ya ɗauke mu sati uku, na ce mu don tare muka yi. Farfelar ya sake karya ta, ya huda ciki da allura mai zafi, ya sa guntun waya ya mayar. Gilashin ne aiki. Ya sassaƙa itace daidai siffarsa, ya goge da samfefa har ya yi sumul, ya kafa a kan sanda. Sai muka nemo roba mai haske irin wadda ake rufe kayan kanti da ita, ni na riƙe da hannu biyu a saman risho har ta yi laushi ta fara lotsawa, shi kuma ya ce "yanzu!" in danna ta a kan itacen da sauri. Na farko ya ƙone, na biyu ya huje, na uku ya yi ƙuraje. Kicin ya cika da wari, Walida tana ta yi mana dariya. Sai a na bakwai aka dace.

Saura zanen firam, wato siraran layukan ƙarfen da ke jikin gilashin, kuma na Hurricane suna da yawa kamar tagar gidan da. Shi da salatif yake rufewa kafin ya shafa fenti, amma sabuwar robar ta yi siriri, yana tsoron ɓarewa. Na ce ya ba ni burushin. Ya dube ni, na ce, "Shekara nawa ina zana wa amare yatsu?" Na daka numfashina kamar yadda nake yi in zan ja layin lalle, na ja na farko. Ya ɗaga ya duba a fitila ya daɗe, sannan ya turo mini gwangwanin fentin gabana bai ce komai ba.

Sai a 2017 ya samu aiki, ba ma na jirgi ba, na gyaran janareto a wata ma'aikata. Har yanzu yana shiga siton, amma kwana biyu a sati muka yi yarjejeniya, kuma kujera biyu ce a ciki. Jirgin yana cikin shoglas ɗina na falo, na kwashe tangaran na sama na ba shi wurin. Baƙi in sun zo sukan tambaya a ina muka saya.

Wurin yatsan nan kuwa, na yi na yi ya cike shi ya goge ya sake fenti, abin da ba zai ɗauke shi awa biyu ba, ya ƙi. Yana nan a ƙarƙashin fiffiken hagu, sai an ɗaga jirgin ake ganinsa. Ranar da Hajiya ta zo gani, shi da kansa ya ɗaga ya nuna mata.