Hular Gashin Doki da Abin da Ke Ƙarƙashinta

A watan Disambar 2017 aka tsayar da Amasa Firdaus Abdulsalam a ƙofar babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja, inda ake rantsar da sababbin lauyoyi. Ta kammala karatun shari'a a Jami'ar Ilorin, ta ci jarrabawar Makarantar Horas da Lauyoyi, ta zo da baƙar riga da hular gashi kamar kowa. Abin da ya shiga tsakaninta da rantsuwa shi ne hijabin da ke ƙarƙashin hular. Aka ce ta cire, ta ƙi. Abokan karatunta suka zama lauyoyi a ranar, ita kuwa sai a Yulin 2018, bayan majalisar dattawan lauyoyi ta sassauta.

Masu kare tsohuwar ƙa'ida suna da hujjar da ta cancanci a saurara. An yi kayan aiki ne domin su ɓoye mutum su bayyana muƙami. Idan lauyoyi biyu suka miƙe gaban alƙali cikin baƙi iri ɗaya, ba a gane ɗan attajiri da ɗan manomi, ba a gane wanda ya zo a mota da wanda ya hau acaɓa. Wanda ake tuhuma ma yana da haƙƙin kada ya karanta addinin lauyan gwamnati a goshinsa, ya fara zaton an gama da shi tun ba a buɗe baki ba. A ƙasar da rikicin addini ya sha cin rayuka, wannan tsoro yana da tushe.

Inda hujjar ke rauni shi ne da'awar cewa kayan ba na kowa ba ne. Hular gashin doki tana da gari, tana da iyaye. Ado ne na manyan Ingila a ƙarni na 17, wanda suka kwaikwayo daga fadar Faransa. Kotu ta ɗauke shi a lokacin da duk mai faɗa a ji yake sawa, yayi ya wuce, ita ta riƙe abinta. Mulkin mallaka ya kawo shi Legas da Kaduna, ya zauna a kan mutanen da ke gumi cikin zafin watan Afrilu. Su kansu masu abin sun rage ɗaukinsa: tun 2008 alƙalan Ingila suka daina sa hular a shari'o'in da ba na laifi ba. A Kenya, babban jojin ƙasar Willy Mutunga ya ajiye ta a 2011. Najeriya, kamar ɗan riƙon da ya fi 'ya'yan gida kishin gado, tana nan da ita.

Saboda haka nauyin ƙa'idar ba ɗaya yake ga kowa ba. Wanda shigarsa ta yau da kullum ta dace da ita bai ma san akwai ta ba. Wadda ta taso ba ta taɓa fita da kai a buɗe ba kuwa, ana neman ta zaɓi ɗaya tsakanin shekarun karatunta da abin da ta ɗauka umarnin Ubangijinta ne, a bakin ƙofa, jama'a na kallo. Kuma babu wanda ya nuna yadda ƙyallen yake rage mata sanin doka ko ladabin magana gaban alƙali, waɗanda su ne ainihin ƙwarewar da ake biyan lauya dominta.

Sai dai buɗe ƙofa ga mutum ɗaya yana jawo tambayar wa zai biyo baya. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas, bisa sashe na 38 na tsarin mulki. Kwanaki kaɗan bayan haka lauya Malcolm Omirhobo ya shigo kotun ba takalmi, da jan zane, da gashin tsuntsu a hularsa, da farar ƙasa zagaye da idonsa, yana cewa shigar addininsa na gargajiya ke nan. Da yawa sun ɗauke shi ba'a, wataƙila kuma da ba'ar a ciki. Amma sashen da ya kare hijabi bai ambaci sunan wani addini ba, kuma duk wanda ya yi murna da hukuncin ba shi da bakin da zai ce a fitar da Omirhobo don kawai shigarsa ba ta yi masa daɗin gani ba.

Rundunar 'yan sanda ta bi wata hanya ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. A Maris na 2022, a zamanin Sufeto Janar Usman Alƙali Baba, aka yarda 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu, da 'yan kunne ƙanana, ga wadda take so. Hular hukuma na nan a sama inda ake ganin tambarinta, kuma ba a tilasta wa kowace mace ɗaurawa ko cirewa ba.